Ko Vanderbilt za ta iya riƙe abin da ta samu bayan tafiyar gwarzon ɗan wasanta Diego Pavia?

A daren Asabar, 5 ga watan Oktoba na 2024, na zauna ina bin wasan Jami'ar Vanderbilt da Jami'ar Alabama a waya, ba don ina sa ran ganin wani abin mamaki ba, sai don barci ya ƙi zuwa kuma babu wani wasan da ya fi shi a wannan sa'ar. Alabama ce ta ɗaya a jerin ƙungiyoyin jami'o'in Amurka a wannan makon, kuma sati guda kafin nan ta doke Georgia. Ita kuwa Vanderbilt rabonta da cin Alabama tun 1984, sannan a duk tarihinta ba ta taɓa kayar da ƙungiyar da ke matsayi na ɗaya ba. Da aka tashi, Vanderbilt na da maki 40, Alabama na da 35. Ɗalibai suka cika filin, suka tumɓuke sandunan gola, suka ɗauke su a kafaɗa suka ratsa tsakiyar birnin Nashville tafiyar fiye da mil biyu, suka jefa su cikin kogin Cumberland. Hukumar rukunin wasannin da Vanderbilt ke ciki ta ci jami'ar tarar dala 100,000 saboda kutsen da 'yan kallo suka yi, kuma ban ji wani daga cikin magoya bayanta ya yi ƙorafi a kan kuɗin ba.

Wasan da nake magana a kansa shi ne zari-ruga irin na Amurka, wanda su can suke kira ƙwallon ƙafa duk da cewa hannu ne ya fi yin aikin. Ga wanda bai saba kallonsa ba, abu biyu kawai yake buƙatar riƙewa don ya bi ni. Na farko, ƙungiyar da ke da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta ci gaba yadi goma, idan ta ci a sabunta mata damar, idan ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Na biyu, akwai ɗan wasa guda da ake kira kwatabak, wanda shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari ya yanke shawarar jefawa ko miƙawa ko rugawa da kansa, kuma nauyin da ke kansa ya fi na kowane ɗan wasa a tamaular da muka saba da ita.

Vanderbilt tana cikin rukunin SEC, na jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, wanda yawancin masu bin wasan ke ɗauka a matsayin mafi tsanani a ƙasar. Ƙungiyoyi 16 ne a cikinsa tun shigowar Texas da Oklahoma a 2024, kuma Vanderbilt ce kaɗai jami'a mai zaman kanta, sauran duk na gwamnatocin jihohi ne. Ɗalibanta masu karatun digirin farko kusan 7,000 ne, filin wasanta ba ya cin mutum 40,000, alhali na maƙwabciyarta Tennessee yana cin fiye da 100,000. Sunanta ya fi fita a karatu da bincike da asibitin koyarwa, kuma sharuɗɗan shigarta masu tsauri sun daɗe suna hana ta ɗaukar wasu 'yan wasan da abokan hamayyarta ke ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Shekara da shekaru matsayinta a rukunin shi ne na ƙungiyar da kowa ke lissafa wa kansa nasara a kanta tun kafin a fara kaka. A 2020 ba ta ci wasa ko ɗaya ba cikin tara, kuma sai da ta yi rashin nasara sau 26 a jere a wasannin rukuni kafin ta karya wannan tsatsar a gidan Kentucky cikin Nuwamban 2022.

Daga nan ne ya kamata a auna abin da ya faru a shekaru biyun da suka wuce. A 2023 ta ci wasa 2 ta faɗi 10. A 2024 ta ci 7 ta faɗi 6, har da nasara a kan Georgia Tech a wasan rufe kaka na Birmingham. A 2025 ta ci wasa 10 cikin 12 na kaka, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kafa ƙungiyar, ta doke LSU da Missouri da Auburn, ta kuma je har gidan Tennessee ta lallasa ta da maki 45 da 24. Alabama da Texas ne kaɗai suka ci ta, sai Iowa da ta doke ta a wasan rufe kaka. Ba a saka ta cikin ƙungiyoyi 12 masu fafatawar neman kofin ƙasa ba, amma ta matso kusa har magoya bayanta suka ga an yi musu ƙwange, kuma wannan fushin shi kansa sabon abu ne a Nashville.

Tambayar da nake ta juyawa a raina tun ƙarewar kakar ita ce ko wannan tashi zai ɗore, kuma duk lokacin da na fara tunanin sai na koma kan mutum ɗaya, Diego Pavia. Ɗan Albuquerque ne a jihar New Mexico, ɗan kokawa ne a sakandare, gajere ne a ma'aunin masu riƙe matsayinsa, kuma babu babbar jami'ar da ta ba shi gurbin karatu kyauta don zari-ruga lokacin da ya gama makaranta. Ya fara a wata kwalejin soja ta shekara biyu a jiharsu, inda ya ci kofin ƙasa na irin waɗannan kwalejoji a 2021, daga nan ya koma New Mexico State, wadda ya kai ga cin wasa 10 a 2023 har da doke Auburn a gidanta. Da Vanderbilt ta ɗauko shi ba shi kaɗai ta ɗauko ba. Ta kawo mai tsara masa hari, Tim Beck, ta kawo tsohon kocinsa Jerry Kill a matsayin mai ba da shawara, ta kawo Eli Stowers wanda ya zama babban mai cafe masa ƙwallo, da wasu 'yan wasan. A taƙaice an tumɓuko tsari ne da saiwarsa daga wata gona aka dasa shi a wata, kuma ya kama.

Tsarin ya dace da mai ƙaramin ƙarfi. Idan ba ka da 'yan wasan da suka kai na abokin karawarka sauri da girma, dabararka ita ce ka rage yawan lokutan da zai taɓa ƙwallo. A daren da aka ci Alabama, Vanderbilt ta riƙe ƙwallo fiye da minti 42 cikin 60, tana tafiya a hankali, tana cin yadi huɗu nan biyar can, tana tsallake dama ta uku sau da yawa, yayin da taurarin Alabama ke tsaye a gefen fili suna kallon agogo na cinye musu lokaci. Amma irin wannan wasa yana buƙatar kwatabak da zai karanta masu tsaro cikin ƙiftawar ido, ya san lokacin da zai miƙa da lokacin da zai ruga, ya kuma jure duka sau goma sha biyar ko ashirin a wasa ɗaya ya tashi ya karkaɗe jikinsa. Pavia ya yi haka kaka biyu, har ya zo na biyu a zaɓen kyautar Heisman ta 2025, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, bayan Fernando Mendoza na Indiana. Kakar ta biyun ma sai da kotu ta shiga tsakani ya samu, domin ya kai ƙarar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, kan lissafa masa shekarun da ya yi a kwalejin shekara biyu, alƙali kuma ya ba shi izinin ci gaba da wasa a watan Disamban 2024. Yanzu wa'adinsa ya cika, haka ma na Stowers.

Wannan ne babban bambancin wasan jami'a da na ƙwararru, kuma shi ya sa kwatancen da abokaina ke yi da Leicester City yake tafiya rabin hanya kawai. Leicester ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, N'Golo Kanté ya tafi Chelsea a wannan bazarar, aka sallami Claudio Ranieri a Fabrairun 2017, amma Jamie Vardy ya zauna shekaru da dama bayan haka saboda babu dokar da ta kore shi. A wasan jami'a doka ce ke korar gwarzonka. Ko ya so ka, ko ka ninka masa kuɗi, bayan 'yan shekaru dole ya fita. Saboda haka kowace ƙungiya tana rushewa ta sake ginuwa duk shekara uku ko huɗu, kuma manyan ƙungiyoyi ba su fi ƙanana da komai ba illa cewa idan tauraronsu ya tafi akwai wani zaune a benci yana jiran ranarsa. Sauƙin da ƙananan ke da shi, wanda Leicester ba ta samu ba, shi ne babu faɗawa rukunin ƙasa, don haka ko Vanderbilt ta yi kaka mara kyau kasonta na kuɗin talabijin na SEC yana nan.

Magoya bayan Vanderbilt da suka manyanta suna da dalilin ɗari-ɗari, domin sun taɓa ganin irin wannan rana. James Franklin ya karɓi ƙungiyar a matsayin koci a 2011, ya ci wasa tara a 2012, ya sake cin tara a 2013, a Janairun 2014 kuma Penn State ta kira shi ya amsa, wasu daga cikin matasan da suka yi wa Vanderbilt alkawarin zuwa suka bi shi can. Kakar da ta biyo baya, a hannun Derek Mason, ƙungiyar ta ci 3 ta faɗi 9, kuma a shekaru bakwai da Mason ya yi bai taɓa gama kaka da nasarori fiye da rashin nasara ba. Labarin Kansas ya fi wannan ban tausayi. A 2007 ta ci wasa 12 ta faɗi ɗaya tal, ta ɗauki kofin Orange Bowl ƙarƙashin kocinta Mark Mangino, amma daga 2010 zuwa 2021 ba ta taɓa cin fiye da wasa uku a kaka ɗaya ba. Idan mutum ya jera ƙananan ƙungiyoyin da suka taɓa yin irin wannan tashin, zai ga cewa yawancinsu hanya ɗaya suka bi suka koma inda suka fito: kwatabak ya gama, koci ya samu babban gida, hukumar jami'a ta ɗauka cewa abin da ya faru zai ci gaba da kansa ba tare da ƙarin kashe kuɗi ba.

Misalin da ya saɓa wa wannan, wanda nake ganin ya fi dacewa Vanderbilt ta duba, shi ne Kansas State. Bill Snyder ya same ta a 1989 tana cikin mafiya lalacewa a ƙasar, ya ci wasa ɗaya a kakarsa ta farko, sannan ya kai ta wasannin rufe kaka shekara 11 a jere daga 1993 zuwa 2003. Abu biyu ya yi. Ya nemi 'yan wasa a inda manya ba sa dubawa, musamman kwalejojin shekara biyu, kuma ya zauna. Zaman nan shi ne abin da ba a iya saye, kuma a nan ne nake ganin Vanderbilt ta yau ta bambanta da ta zamanin Franklin.

Clark Lea, kocin Vanderbilt na yanzu, ɗan Nashville ne, kuma ya taɓa saka rigar Vanderbilt a matsayin ɗan wasa. Ya bar aikin shugabancin masu tsaro a Notre Dame ya dawo gida a ƙarshen 2020, wasansa na farko kuma ya sha kashi a hannun East Tennessee State, wata ƙaramar jami'a da ke matakin ƙasa da nasu, da maki 23 da 3. A 2022 ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce wata rana Vanderbilt za ta zama ta ɗaya a ƙasar, aka yi masa dariya, ni ma ina cikin waɗanda suka yi. Abin da ya sa na fara girmama shi ba nasarar da ya samu a kan Alabama ba ce, abin da ya yi bayan kakar 2023 ne. Shekara uku yana ƙoƙarin gina ƙungiya ta tsohuwar hanya, wato ka ɗauko yaro daga sakandare ka raine shi shekara huɗu, sai ya ga yaran da ya raina suna tafiya Georgia da LSU da Colorado da zarar sun fara haske. Maimakon ya tsaya yana kukan zamani ya lalace, sai ya canza ma'aikatansa, ya karɓi ragamar tsaro da kansa, ya shiga kasuwar sauya sheƙa da gaske. A kakar 2025, lokacin da manyan jami'o'i da dama suka sallami masu horar da su suna neman sababbi, ya sabunta kwantiraginsa da Vanderbilt. Ba na cewa kwantiragi yana ɗaure koci, don mun ga waɗanda suka sa hannu yau suka tafi gobe, amma mutumin da ya ƙi tafiya a shekarar da kasuwarsa ta fi tsada ya faɗi wani abu game da kansa.

Abu na biyu da ya canza shi ne dokokin wasan gaba ɗaya. Tun 2021 aka bar ɗalibai su karɓi kuɗi da sunansu da hotonsu, aka kuma sassauta musu sauya jami'a ba tare da zaman jiran shekara ba. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga dukkan wasannin jami'a. Mutane da yawa sun ɗauka wannan zai ƙara wa masu ƙarfi ƙarfi ne kawai, amma abin da aka gani ya fi haka rikitarwa. A da, Alabama ko Georgia na iya tara zaratan matasa uku a matsayi ɗaya, biyu su zauna a benci shekara biyu saboda ba su da mafita. Yanzu na biyu da na uku suna fita su nemi inda za su buga wasa kuma a biya su. Jami'a irin Vanderbilt, mai tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni, wadda ke zaune a birnin da ke bunƙasa kuma digirinta ke da daraja a kasuwar aiki, ta samu abin tallatawa da ba ta da shi a 2014. Ta kuma zuba kuɗi a gine-gine ƙarƙashin shirin da ta ƙaddamar a 2021 da dala miliyan 300, wanda ya sa ta buga wasannin gida na wasu shekaru a tsakiyar ƙarafa da injinan gini. Indiana, wadda ta shiga 2024 a matsayin ƙungiyar da ta fi kowa yawan rashin nasara a tarihin manyan jami'o'i, ta nuna iyakar abin da wannan sabon zamani ke iya bayarwa a hannun kocinta Curt Cignetti, ta kuma nuna cewa ana iya canza kwatabak tsakanin kaka da kaka ba tare da ginin ya zube ba.

Sai dai ƙofar da ta shigo da Pavia ita ce za ta fitar da duk wanda ya yi fice a Nashville. Kasuwar ba ta da amana, kuma abin da Vanderbilt ta yi wa New Mexico State wata rana za a yi mata. Ban da haka, dabarar tono gwanaye daga ƙananan jami'o'i ba sirri ba ce yanzu. A 2024 mutane kaɗan ne suka damu da ɗan wasan da ya haskaka a New Mexico, yau kuwa kowace babbar ƙungiya tana da ma'aikatan da aikinsu kenan dare da rana, farashi kuma ya hau. Daga 2026 rukunin SEC zai koma wasa tara na cikin gida maimakon takwas, wanda ke nufin an cire wasa ɗaya mai sauƙi an maye gurbinsa da mai wuya. Kuma babu wanda zai sake shiga filin Vanderbilt da raini, alhali rainin nan ya taimaka mata ba kaɗan ba a kakar farko.

Akwai kuma batun sa'a, wanda masoya ba sa son a ambata. A 2024, ƙungiyar da ta doke Alabama ita ce ta sha kashi a hannun Georgia State makonni uku kafin nan, kuma wasanninta da yawa an raba su ne da tazarar hari ɗaya. A 2025 ta fi ƙarfi nesa, amma ko a nan Missouri da LSU da Auburn duk da tazarar maki bakwai ta ci su, na Auburn ma sai a ƙarin lokaci. Irin waɗannan wasannin gogaggen kwatabak ne ke raba su a mintunan ƙarshe. Idan aka juya biyu daga cikin ukun, kakar tarihi ta zama kaka mai kyau kawai.

Wanda ake sa ran zai gaji Pavia shi ne Jared Curtis, matashi daga wata sakandare a Nashville, wanda ke cikin waɗanda aka fi nema a ƙasar a shekararsa, kuma ya janye alkawarin da ya yi wa Georgia ya sa hannu da Vanderbilt a Disamban 2025. Shekara biyar da suka wuce da wani ya faɗi haka da an ce mafarki yake yi. Amma ina jin tsoron nauyin da za a ɗora masa. Pavia ya iso Nashville yana da shekaru huɗu na wasan kwaleji a bayansa, ya sha duka ya san ɗacin faɗuwa, shi kuwa wannan yaron daga sakandare zai fito ya fuskanci ƙartin da wasunsu ke dab da shiga gasar ƙwararru. Tsarin Beck an ɗinka shi ne daidai jikin Pavia, kuma ko za a sake masa ɗinki ne ko za a tilasta wa sabon yaron ya saka rigar wani, wannan shi ne aikin da zai nuna ko masu horarwar ne suka yi Pavia ko shi ya yi su.

Hukuncina shi ne nasara goma ba za ta zama abin kowace shekara ba, kuma duk wanda ya auna ɗorewa da wannan ma'aunin zai yanke ƙauna da wuri. Amma ba na ganin komawa kwanakin 2 da 10, muddin Lea yana nan kuma jami'ar ba ta janye hannunta daga aljihu ba. Abin da nake hasashe shi ne ƙungiyar da ke cin shida zuwa takwas a yawancin shekaru, tana kaiwa tara ko goma duk lokacin da ta dace da gogaggen kwatabak da jadawali mai sauƙi, wanda a tarihin Vanderbilt babban ci gaba ne. Haɗarin da na fi ji wa tsoro yana wajen 'yan kallo da masu ba da kuɗi, domin wanda ya ɗanɗana goma yana iya ganin bakwai a matsayin faɗuwa, ya fara ƙunƙuni, ya rufe jakarsa a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Idan kakar 2026 ta fara ba hannun Curtis zan zuba wa ido ba, don kowa zai yi wannan. Zan dubi ƙartin nan biyar da ke tsaye a gabansa suna kare shi, da waɗanda ke sahun gaba na tsaro, domin a nan ne tazarar Vanderbilt da manyan rukunin ta fi faɗi tun fil azal, kuma irin waɗannan 'yan wasan ne suka fi tsada da wuyar samu a kasuwa. Zan kuma jira watan Nuwamba, lokacin da raunuka ke taruwa kuma na biyu da na uku ke shiga fili, in ga ko waɗanda ke fitowa daga benci sun kai waɗanda suka maye gurbinsu. Sai watan Janairu kuma in ƙirga mutum nawa daga cikin waɗanda suka yi fice suka zaɓi zama a Nashville bayan Georgia da Texas sun buga musu waya.